Tsinkewar Zaren Gado da Yadda Jiki Ke Ƙulla Shi

Duwatsun da ke kwance ƙarƙashin gonakin Wurno da Rabah da Goronyo sun shiga littattafan ilimin ƙasa da sunayen garuruwan wannan yanki, domin masana suna magana a kan shimfiɗar Wurno da shimfiɗar Taloka da shimfiɗar Dukamaje, waɗanda suka taru kimanin shekaru miliyan 70 da suka shuɗe, a zamanin da wani teku marar zurfi yake malalowa cikin kwarin da yankin yake yana kuma janyewa. A cikin shimfiɗar Dukamaje ne aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, kuma tekun da ya sake dawowa daga baya shi ne ya bar curin fosfat da ake samu a shimfiɗar Dange, irin ma'adinin da ake yin takin zamani da shi. Fosfat ɗin da ya taru a ƙarƙashin teku yakan riƙe ɗan yuraniyom a cikinsa, kamar yadda yumɓu da yashi da kowane dutse suke riƙe da nasu ɗan kaso, kuma wannan babban kwari ne ya miƙa arewa har cikin Jamhuriyar Nijar, inda yuraniyom ya taru da yawan da ya sa ake haƙarsa a Arlit tun 1971. Saboda haka manomin da ke shuka shinkafa a fadamar Rima, ko yake ban ruwan albasa da tafarnuwa da ruwan madatsar Goronyo, yana rayuwa ne cikin radiyeshon tun ranar da aka haife shi, kamar yadda kakanninsa suka rayu cikinsa tun kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, kuma abin da ya hana hakan zama halaka shi ne wani aikin gyara da ke gudana ba dare ba rana a cikin kowace ƙwayar halittar jikinsa.

Radiyeshon makamashi ne da ke fita daga wani abu ya ratsa sarari ko ya ratsa jiki, wani lokaci a matsayin haske, wanda ido ke gani da wanda ba ya gani, wani lokaci kuma a matsayin 'yan mitsi-mitsin ɓarɓashi masu tsananin gudu da ke tsartuwa daga ƙwayar zarra idan ta farfashe. Masana sun raba shi gida biyu. Akwai mai rauni, irin na rediyo da wayar salula da ƙarfen sabis, wanda iyakacinsa ya ɗan ɗumama abin da ya taɓa, ba shi da ƙarfin tsinka mahaɗin sinadarai, don haka fargabar da ake yi wa ƙarafan sabis a unguwanni ba ta da madogara ta wannan fuska. Akwai kuma mai ƙarfi, wanda ke fizge elektiron, wato ɗan ɓarɓashin da ke kewaye cibiyar zarra, ya bar zarrar a birkice tana neman abin da za ta cafka, kuma a wannan gida ne ake samun hasken eksire da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, da hasken gama, da ɓarɓashin alfa da na beta waɗanda yuraniyom da sinadaran da yake rikiɗewa ya koma suke fitarwa. Tsakanin gidajen nan biyu akwai hasken ultarabayolet na rana, wanda ba ya fizge elektiron amma yana da tasa hanyar ɓarna, kuma a ƙasar Sakkwato shi ne ya fi cancanta a sa masa ido.

Ana auna makamashin da jiki ya shanye da ma'aunin gire, wanda aka sa wa sunan masanin Ingila Louis Harold Gray, idan kuma ana son a kwatanta hatsarin ire-iren radiyeshon dabam-dabam sai a koma ga ma'aunin sibat, wanda kashi ɗaya cikin dubunsa shi ne milisibat. Kwamitin kimiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin wannan fanni ya ƙiyasta a 2008 cewa mutum yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara daga muhallinsa kawai, kusan rabinsa daga iskar radon da ke tasowa daga ƙasa, saura kuma daga duwatsu da bangon ɗaki da sararin samaniya da abinci, domin fotashiyam ɗin da ke cikin wake da ganye da tsokar mutum kansa yana da wani ɗan kaso mai fitar da radiyeshon. Hoton ƙirji a asibiti yana bayar da kimanin milisibat 0.1, wato abin da muhalli yake bai wa mutum cikin mako biyu, hoton CT na ciki kuwa yana iya kaiwa kusan milisibat 10, shi kuma sikanin da ake yi wa masu juna biyu da sauti yake aiki, babu irin wannan radiyeshon a cikinsa ko kaɗan.

Inda ɓarnar radiyeshon take da nauyi shi ne DNA, sinadarin da jama'a suka fi sani ta hanyar gwajin tabbatar da mahaifin yaro, wanda shi ne zaren gado da ke ɗauke da bayanin yadda za a gina kowane furotin da jiki yake aiki da shi. A cibiyar kusan kowace ƙwayar halittar mutum akwai wannan zare mai tsawon kimanin mita 2, an nannaɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa 23 daga uba, kuma bayanin da ke jikinsa an jera shi ne da sinadarai huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffan A da T da G da C. Siffar da James Watson da Francis Crick suka bayyana a 1953, da taimakon hoton eksire daga ɗakin binciken Rosalind Franklin, ta nuna cewa zaren sili biyu ne a murɗe, kuma kowane A da ke kan sili ɗaya yana fuskantar T a ɗaya silin, kowane G yana fuskantar C, ta yadda duk wanda ya san jerin sili ɗaya ya san na abokinsa. Igiyar guga mai tufka biyu ita ce mafi kusa da wannan siffa, domin idan sili ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe da nauyi har a gyara, amma idan duka biyun suka tsinke a wuri guda guga ya tafi ƙasan rijiya.

Radiyeshon mai ƙarfi yana iya bugun zaren kai tsaye, amma kimanin kashi biyu cikin uku na ɓarnar eksire da gama ta hannun ruwa take zuwa, domin mafi yawan ƙwayar halitta ruwa ce, kuma idan aka fizge elektiron daga ruwa sai ya tsage ya haifar da wani gutsure mai suna haidiroksil, wanda ba ya jimawa ko daidai da ƙiftawar ido kafin ya cafki abin da ke kusa da shi. Idan zaren gado ne a kusa, sai gutsuren ya ƙona harafi ɗaya ko ya tsinka sili. Gire ɗaya na eksire yana haifar da tsinkewar sili ɗaya kusan sau 1,000 a cikin kowace ƙwaya, da lalacewar haruffa fiye da 1,000, da tsinkewar sili biyu tsakanin sau 20 zuwa 40, kuma waɗannan na ƙarshe, duk da ƙarancinsu, su ne suke kisa. Abin mamaki shi ne gire 4 zuwa 5 a jiki gaba ɗaya, wanda ya isa ya kashe rabin mutanen da ya sama idan ba su samu magani ba, bai kai ya ɗaga zafin jiki fiye da kimanin kashi ɗaya cikin dubu na digiri guda ba, abin da ke nuna cewa wurin da makamashin ya sauka shi ne abin lura.

Tun 1927 Hermann Muller ya nuna a Amurka cewa eksire yana sauya gadon ƙananan ƙudaje har sauyin ya bi zuriyarsu, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 1946, amma an daɗe ana ɗauka cewa zaren gado abu ne mai tsananin ƙwari wanda sai wani mugun abu daga waje yake taɓa shi. Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya rushe wannan zato a farkon shekarun 1970, inda ya auna ya ga cewa zaren yana lalacewa da kansa a cikin ɗumin jiki, har haruffa kusan 10,000 suna ɓallewa daga kowace ƙwaya a kowace rana, ban da waɗanda iskar oksijin da ake shaƙa take ƙonawa. Daga nan ya kai ga hukuncin cewa da babu gyara da rayuwa ba ta yiwu ba, ya kuma shiga neman masu gyaran har ya gano ɗaya daga cikinsu a 1974. Wannan bincike ya sauya yadda ake kallon lamarin baki ɗaya, domin ya nuna cewa ɓarnar da radiyeshon na muhalli yake ƙarawa a rana ƙanƙanuwa ce idan aka aza ta kusa da wadda numfashi da narkar da abinci suke yi. Abin da ya bambanta radiyeshon shi ne yana tara raunuka da yawa a ɗan taƙin wuri guda, harafin da ya ƙone kusa da silin da ya tsinke kusa da wani harafin da ya ɓalle, kuma irin wannan cunkoso shi ne yake gagarar masu gyara.

Ƙananan raunuka ba su da wahala. Wani furotin mai sintiri yana bin zaren yana lalube har ya tarar da harafin da ya ƙone, ya cire shi, wani ya yanka wurin, na uku ya duba harafin da ke fuskantar gurbin a ɗaya silin ya saka abokinsa, na huɗu ya liƙe bakin. Idan sili ɗaya ne ya tsinke, furotin mai suna PARP yana isa wurin cikin daƙiƙoƙi ya kira saura, kuma mafi yawan irin wannan tsinkewa ana gama da ita cikin mintoci.

Rauni na hasken rana dabam yake, kuma a nan ne batun ya taɓa rayuwar yankin kai tsaye. Idan ultarabayolet ya sauka a inda haruffan T biyu suke jere a kan sili ɗaya, sai ya manne su da juna, zaren ya yi ƙusumbi, na'urar da ke kwafar sa ta cije a wurin ko ta kwafa da kuskure. Wuni guda cikin rana a fadama yana iya haifar da dubban irin wannan manni a kowace ƙwayar fata da hasken ya kai gare ta, kuma jiki yana maganinsu ta hanyar yanke guntun sili mai haruffa kusan 30 da ke ɗauke da raunin, sannan ya sake cike gurbin yana bin lafiyayyen silin, tsarin da Aziz Sancar, haifaffen Turkiyya, ya warware matakansa, har ya raba lambar Nobel ta 2015 tare da Lindahl da Paul Modrich. Muhimmancin wannan gyara ya fito fili a 1968, lokacin da James Cleaver ya gano cewa yaran da ke da wata lalurar gado mai suna zerodama figmentosum ba sa iya yin sa, kuma irin waɗannan yara sukan kamu da sankarar fata tun kafin su kai shekara 10, da yawan da ya ninka na sauran mutane fiye da sau 1,000. Lalurar ba ta bayyana sai yaro ya gaji illar daga uwa da uba a tare, shi ya sa ake ƙara ganinta a al'ummomin da auren zumunci ya yawaita.

Baƙar fata tana da kariya tun kafin a kai ga gyara, domin sinadarin melanin da ke ba ta launi yana taruwa a saman cibiyar ƙwayoyin fata ya shanye mafi yawan hasken kafin ya isa ga zaren, kuma wannan ne ya sa manomin da ya shekara arba'in yana aiki a ranar Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin bazara, ba kasafai yake samun sankarar fata daga rana ba. Mai lalurar zabiya kuwa masu gyaransa lafiya lau suke, abin da ya rasa shi ne melanin, don haka raunukan suna zuba da yawan da gyara ba ya iya cim musu, kurakurai su yi ta taruwa shekara bayan shekara a kunne da wuya da leɓe da bayan hannu, har sankara ta fito tun yana ɗan shekara ashirin da wani abu ko talatin. Wannan asara ce da ake iya kauce wa da abubuwa masu araha, wato malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kare fata, da kuma cire yaro zabiya daga kiwo da ban ruwa da talla a tsakiyar rana a ba shi karatu ko sana'ar inuwa. Duk wani ɓawo mai kaushi ko gyambon da ya ƙi warkewa a fatarsa ya kamata likita ya gani tun yana ƙarami, lokacin da cire shi aikin 'yan mintoci ne. Iyayen da ke tura irin wannan yaro gona da tsakar rana ba mugunta ce take sa su ba, rashin wanda ya bayyana musu abin da ke faruwa a fatarsa ne, kuma wannan bayani nauyi ne a kan ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da limamai.

Tsinkewar sili biyu ita ce babbar matsala, domin babu lafiyayyen sili a wurin da za a kwafa daga gare shi, kuma bakunan biyu suna iya rabuwa kowanne ya yi nasa wuri. Da zarar hakan ta faru wani furotin mai suna ATM yana farkawa, ya sa alama a kan zaren da ke kewaye da raunin ta yadda masu gyara za su taru, ya kuma tayar da furotin p53, wanda ke dakatar da ƙwayar daga rabuwa biyu har sai an kammala aiki. Daga nan hanya biyu ce. Ta farko mai sauri ce, inda wani furotin mai siffar zobe da ake kira Ku yake kama bakunan biyu, a datse abin da ya ragargaje, a ƙulla su, kuma da wannan hanya ake gyara mafi yawan tsinkewar cikin 'yan sa'o'i, sai dai sau da yawa ana rasa 'yan haruffa a wurin ƙullin, wani lokaci ma a ƙulla bakin wannan kuromosom da na wancan. Hanya ta biyu tana da jinkiri amma ba ta cika kuskure ba, domin tana neman kwafin da ƙwayar ta riga ta yi na wannan kuromosom yayin shirin rabuwa, ta zura tsinkakken silin a cikinsa ta kwafo abin da ya ɓata, sai dai ba ta yiwuwa sai a ɗan lokacin da kwafin yake nan.

Cikin furotin da ke gudanar da hanya ta biyu akwai BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano tushen gadonsu a 1994 da 1995, kuma macen da ta gaji ɗayansu da illa tana cikin babban hatsarin sankarar mama da ta ƙwan mahaifa. Wani bincike da aka yi a Ibadan ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade, aka kuma buga a 2018, ya samu irin wannan illa a jikin fiye da mace ɗaya cikin goma na masu sankarar mama da aka gwada, don haka gidan da cutar ta kama uwa da 'ya ko 'yan'uwa mata tun suna da ƙuruciya ya kamata sauran matansa su riƙa zuwa a duba su.

Ƙarshen ƙwayar da radiyeshon ya buga ɗayan uku ne, ko ta gyaru daidai, ko ta mutu, ko ta rayu da kuskure. Mutuwar ma sau da yawa tsari ce, domin idan raunin ya wuce gyara p53 yana sa ƙwayar ta kashe kanta a natse, kuma jiki ba ya jin rashin 'yan ƙwayoyi sai idan an kashe su da yawa a lokaci guda, kamar yadda ke faruwa a ɓargo da hanji da tushen gashi idan adadin ya kai gire da dama. Wadda ta rayu da kuskure ita ce abin tsoro na nesa, domin idan kuskuren ya faɗa a kan bayanin da ke tsayar da rabuwar ƙwaya, zuriyarta tana iya zama sankara bayan shekaru. Mafi yawan abin da aka sani a kan haka ya fito ne daga bibiyar mutum kimanin 120,000 a Hiroshima da Nagasaki tun 1950, inda aka ga sankarar jini ta ƙaru cikin 'yan shekaru, sauran ire-iren sankara kuma suka biyo bayan shekara 10 ko fiye, hatsarin yana hawa gwargwadon adadin da mutum ya samu, amma ba a ga ƙarin cututtukan gado a 'ya'yan da suka haifa daga baya ba. Tsoron irin wannan ɓarna ne ya tayar da hankalin Afirka ta Yamma lokacin da Faransa ta fasa bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, a lokacin da iskar hunturu take kwaso ƙurar hamada zuwa ƙasar Hausa, kuma bayan gwaji na uku gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961.

Ɓarɓashin alfa yana da hali na musamman, domin ko takarda ko busasshiyar fatar waje tana tare shi, amma idan abin da ke fitar da shi ya shiga huhu sai ya zube dukkan ƙarfinsa a cikin 'yan ƙwayoyi ƙalilan, ya bar irin cunkoson raunukan nan da ke gagarar gyara, shi ya sa ake lissafa hatsarinsa ninki 20 na eksire. Ta nan ne radon yake cutarwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a matsayi na biyu bayan taba cikin abubuwan da ke haddasa sankarar huhu, hatsarin yana ninkuwa ga mai shan taba. A sarari iska tana watsa shi, a rufaffen ɗaki ko ramin haƙar ma'adinai ne yake taruwa, don haka ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda sanyin hunturu yana buƙatar a buɗe shi da rana. A Arlit, inda Hausawa da yawa suka je ci-rani suka zauna, an rufe mahaƙar Akouta a Maris 2021 aka bar miliyoyin tan na sharar ma'adinai, kuma ƙungiyar mazauna garin mai suna Aghir In'Man tare da cibiyar bincike ta CRIIRAD daga Faransa sun ba da rahoton samun gurɓatattun ƙarafa daga mahaƙa a kasuwar garin. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola na ko'ina suna da darasi a abin da ya faru a Goiânia ta Birazil a 1987, inda wasu masu tsintar ƙarfe suka fasa kan injin gashin sankara da aka yasar, garin siziyom mai ƙyalli da ke cikinsa ya bi hannuwa gida-gida, mutum 4 suka mutu, 249 suka gurɓata, aka kuma auna kimanin 112,000. Duk ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, wanda ke ɗauke da alamar fukafukai uku a kan launin ɗorawa, ba abin fasawa ba ne, abin kai rahoto ne ga jami'an tsaro ko hukumar kula da harkokin nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001.

Wannan ilimin gyara shi ne kuma ginshiƙin gashin sankara, wato maganinta da radiyeshon, wanda kimanin rabin masu cutar suke buƙata, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato yana cikin ƙalilan ɗin asibitocin Nijeriya da ke da sashensa, can ne kuma majinyatan Wurno da Rabah da Goronyo suke dosa. Tun 1906 Jean Bergonié da Louis Tribondeau suka lura cewa ƙwayoyin da ke yawan rabuwa su ne radiyeshon ya fi kashewa, a shekarun 1920 kuma Claudius Regaud ya gwada a kan raguna a Paris, ya ga cewa ba a iya kashe ƙwayoyin maniyyin rago da gashi ɗaya mai ƙarfi sai an lalata fatar marainansa, amma idan aka raba adadin kaɗan-kaɗan cikin kwanaki sai a kashe su fatar ta tsira. Dalilin shi ne lafiyayyar ƙwaya tana amfani da sa'o'in da ke tsakanin gashi da gashi ta ƙulla mafi yawan abin da ya tsinke, ita kuwa ƙwayar sankara, wadda a kusan rabin dukkan ire-irenta p53 ya lalace, takan kutsa cikin rabuwa da tsinkakken zare ta mutu a hanya. Shi ya sa ake ba majinyaci kimanin gire 2 a rana, kwana biyar a mako, har mako biyar zuwa bakwai, jimillar da za ta iya kaiwa gire 60 ko 70, a kan ƙarin da kewayensa kawai. Majinyaci ba ya jin zafi a lokacin da injin yake aiki, kuma idan ya fito babu radiyeshon da ya rage a jikinsa, yana iya ɗaukar jikansa ya ci abinci kwano ɗaya da iyalinsa. Ana kuma kula da yawan jininsa, domin oksijin yana kafe raunin da haidiroksil ya yi ta yadda ba ya gyaruwa, kuma ƙwayar sankarar da ba ta samun iska tana jure adadin da ya ninka kusan sau uku.

Raunin wannan tsari yana ga lokaci. Ƙwayoyin sankarar da suka tsira ba sa zaman jira, kuma a wasu ire-irenta, kamar ta wuya da maƙogwaro, bayan mako uku zuwa huɗu da fara gashi sukan ƙara saurin rabuwa, ta yadda kowace ranar da aka tsallake tana mayar musu da wani ɓangare na abin da aka kashe. A sankarar bakin mahaifa, wadda take cikin waɗanda suka fi kashe mata a Nijeriya, ƙa'idar likitoci ita ce a kammala dukkan gashin, na waje da na ciki, cikin mako takwas, domin bayan haka damar shawo kan ƙarin tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowace ranar da aka ƙara. Ga matar da ta fito daga wani ƙauyen Goronyo ko Rabah, inda matsalar 'yan bindiga ta mayar da tafiya a wasu hanyoyi abin fargaba, kuɗin mota kuma ya fi ƙarfin zuwa da komawa kullum, wannan lissafi yana nufin cewa masauki a cikin Sakkwato da abincin mako takwas da mai jinya suna cikin maganin kansa, kuma ya kamata dangi su tanade su tun kafin ranar farko, ƙananan hukumomi da masu fitar da zakka su ma su san cewa a nan taimakonsu zai fi tasiri. Sau da yawa a mako na uku ne majinyata suke sarewa, lokacin da ciwo ya lafa ko jini ya tsaya aka zaci an warke, ko kuma lokacin da fata ta yi duhu da gudawa ta fara aka zaci maganin ne yake cutarwa, alhali waɗannan alamu na lafiyayyun ƙwayoyi masu saurin rabuwa ne, waɗanda galibi suke farfaɗowa cikin 'yan makonni bayan an gama. Idan larura ta sa an rasa rana, abin yi shi ne a koma da gaggawa a shaida wa likita, domin yana iya cike giɓin da gashi a ƙarshen mako ko da gashi biyu a rana ɗaya, muddin an bar aƙalla sa'a shida a tsakaninsu, wato lokacin da lafiyayyun ƙwayoyin da ke kewaye da ƙarin suke buƙata kafin su gama ƙulla mafi yawan abin da gashin safe ya tsinka.